Rai Uku

Mun shigo Mértola rana na tsaka,
mota ta yi zafi kamar tanderu.
Muna haye gada, kogi na ƙyalli a ƙasa,
uwarsa ta ce, "Gaspar, dubi ruwa!"
Bai ɗaga kai ba.
"Bari in gama da wannan dodon tukuna."

Shekararsa shida da rabi,
kuma kada ka kuskura ka manta rabin.
Manyan yatsunsa biyu sun fi bakinsa surutu.

Gidan mahaifina fari fat, ƙofarsa shuɗiya,
ɓaure ya nuna a tsakar gida har yana tsagewa,
zanzaro na ta biki a kai.
Kujerar mahaifiyata na nan a jikin bango
yadda ta bar ta tun Janairu.
Ba mai zama a kai, ba mai kawar da ita.

Muka kafa doka: awa ɗaya da safe, ɗaya da yamma.
Dokar ta kwana biyu ta cika.
Filipa ta ɓoye na'urar bayan buhun fulawa,
ya tono ta kafin kofi ya huce.
Ina cikin yi masa wa'azi, wayata na hannuna,
ya dube ni, ya dubi wayar, ya yi shiru.
Da ma magana ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Da dare ga gasasshen kifi, ga burodi da man zaitun,
shi kuwa yana ba mu labarin wata ƙasa
inda ake taka gajimare,
tsabar zinariya na rataye a iska ba mai tsaro,
in ka faɗa rami ka dawo,
don rai uku ake ba kowa.
Tsoho Amândio ya ce, "In sun ƙare fa?"
"Sai ka danna nan, ka sake daga farko."
Ya gatsi kankana, ruwan na bin haɓarsa,
ya ce, "Kaka, kai saura rai nawa?"

Filipa ta ajiye cokali.
Tsoho ya gama zare ƙayar kifinsa a tsanake,
ya ce, "Mu ba a rubuta mana a saman allo."

Daren Laraba zafi ya kore ni daga gado.
Na tarar da shuɗin haske a tsakar gida.
Yaron ne a kan kujerar nan,
don ita ce kusa da wurin caji,
ƙafafunsa ba su kai ƙasa ba.
Tsoho na gefe a kan akwatin lemo,
na'urar ta ɓace cikin tafukansa,
yatsun da suka shekara hamsin suna sassabe zaitun
suna danna maɓalli biyu a lokaci guda.

"Tsalle, Kaka! Tsalle!"
Ya faɗa rami.
Ya sake. Ya faɗa wannan ramin dai.
Sau goma sha ɗaya na ƙirga daga bakin ƙofa.
A na sha biyu ya haye,
sai ga wata dariya ta kufce masa, mai tsatsa,
irin ta ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.
Rabona da jin ta tun kafin Janairu.
Na koma ciki ban ce musu ƙarfe ɗaya ta wuce ba.

Da safe tsoho ya ce yau nasa wasan za a yi.
Suka gangara kogi, ni ina biye da tawul.
Duwatsu bakwai ne zuwa wancan gefen.
Gaspar ya haye huɗu yana kiran sunan kowane mataki,
na biyar mai gansakuka ya kwashe shi.
Ya tashi a jiƙe, gwiwa na jini,
ya daɗe yana kallon ciwon da mamaki.

"Wannan da zafi," in ji shi.
"I," in ji tsoho, "a nan haka yake."
Ya miƙa masa hannu, suka ƙarasa biyun.

Muna dawowa, tun takalmansa na ɗiga,
ya tambayi inda aka sa caja.
Kakansa ne ya riga ni nuna masa.